DAGA SUFURIN JAKUNA ZUWA MOTA MAI CAJI: KARANTA KAFIN KA TURA KAFIN ALƘALAMI

Yau ba saitin waya za mu koya ba, tarihi za mu ɗan taɓa, amma tarihin da ya shafi aljihunka kai tsaye.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira dubu a wurare da yawa. Daga nan tallan mota mai caji, babur mai caji da keke napep mai caji ya cika Facebook da TikTok da WhatsApp. Wani ya ce ka biya kaso kaɗan a saka sunanka a layi, kaya na kan ruwa. Wani ya ce ka karɓa haya. Wani ya ce ka karɓa mallaka, kana aiki kana biya. Idan kana Talata Mafara, Bakura ko Maradun kana wannan lissafi, ka sani injin ne kawai sabo. Cinikin kansa kakanninmu sun yi shi, iyayenmu sun yi shi, an ci riba an kuma ƙone hannu.

KAFIN ZUWAN MOTA

Kalmar "sufuri" da muke faɗa yau ta girmi mota. Da can falken da zai kai kaya kasuwa zaɓi biyu gare shi: ko ya sayi jakinsa ko takarkarinsa, ko ya yi jinga da mai jakuna ko Buzu mai raƙuma ya kai masa. Wanda ya sayi dabba, abincinta da jinyarta da mutuwarta duk a wuyansa suke, amma ranar da ya gaji da ita zai sayar ya mayar da wani abu. Wanda ya yi haya kuwa, ko dabba ta faɗi a hanya asarar ba tasa ba ce, sai dai ko ya shekara ashirin yana biya ko igiya bai mallaka ba.

Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, manyan motoci suka fara jigilar gyaɗa da auduga, amma wannan lissafin bai canza ba. Mai kuɗi ya sayi mota ya ba direba, direba ya riƙa kawo balans. Ka riƙe wannan tambaya, don ita ce ƙashin bayan maganarmu: idan abin hawa ya lalace, ko darajarsa ta faɗi, wa zai ɗauki asarar?

ZAMANIN UDOJI DA LAYIN FIJO

A farkon 1975 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, haɗe da ariyas na watannin baya. Kuɗi ya shigo hannu lokaci guda, aka ruga sayen babura da rediyo da motoci. A wannan shekarar masana'antar haɗa Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, haka ta Volkswagen a Legas. Daga baya aka samu ta Steyr a Bauchi da ta manyan motocin Fiat a Kano. Babban ma'aikaci na samun rancen mota daga gwamnati, ana cirewa daga albashinsa sannu a hankali.

Masu so sun fi motocin yawa, don haka sai an rubuta suna wurin dila an jira. Ka ga kenan kama layin mota ba Tesla ce ta kawo mana shi ba.

Me ya biyo baya? A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP, aka karya darajar naira. Naira da ke kusan kunnen doki da dala sai ga dala ɗaya ta kai wajen naira huɗu kafin shekarar ta fita. Tun da kayan haɗa motocin daga waje ake kawo su, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Daga nan kasuwa ta koma hannun motocin Beljiyam da na Kwatano.

Darasi na farko kenan: duk abin da farashinsa ke rataye da dala, farashin da aka faɗa maka ranar rubuta suna ba lallai shi za ka tarar ranar karɓa ba. Mun sake gani da idonmu: a watan Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500.

DARASIN BAKOLORI

Wannan darasin a ƙofar gidanmu yake. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, wanda reshe ne na rukunin Fiat, ya gina madatsar ruwan Bakolori a kan gulbin Sakkwato. An tsara noman rani a kan hekta wajen 23,000 a ƙasashen Mafara, Bakura da Maradun. Kusan hekta 8,000 ruwa zai bi magudanai ya gangara da kansa, sauran wajen 15,000 kuma da famfunan feshi masu aiki da lantarki za a shayar da su. Har injinan samar da wuta na megawat 3 aka saka a jikin dam ɗin.

Manoma suka ba da gonakinsu bisa alkawarin diyya da sabbin filaye. Aka yi damina bayan damina wasu ba su shuka ba, diyya ba ta zo yadda aka faɗa ba. Da suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jini. Gwamnati ta ambaci adadi kaɗan, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Shi kansa aikin fa? Sashen da ruwa ke gangarawa da kansa ya ci gaba da amfani duk da lalacewa. Sashen feshi, wanda ya fi girma ya fi tsada, ya tsaya, saboda wuta ba ta tsaya ba, kayan gyara kuma sai daga waje. Sai da aka zo da shirin TRIMING na rancen Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, aka koma maganar gyara.

Abu biyu za ka ɗauka daga nan. Na ɗaya, wanda ya riga ya miƙa nasa ya zauna jiran alkawari, shi ne mai raunin hannu a ciniki. Na biyu, inji komai kyansa, idan ba wutar da za ta juya shi, ba makanikin da ya san cikinsa, ƙarfe ne kawai a ajiye.

ACABA, ADAIDAITA DA TSARIN MALLAKA

Matsin SAP ne ya yaɗa sana'ar acaba, baburan Caina masu sauƙin kuɗi suka ƙara mata ƙarfi. A 2001 gwamnatin Obasanjo ta kafa hukumar NAPEP, wadda keke napep ya ci sunanta. A Kano zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka raɗa masa Adaidaita Sahu, da aka hana acaba a birnin a watan Janairun 2013 sai ya mamaye titi.

A nan tsarin mallaka ya zama ruwan dare. Bari mu ɗauki misali kawai, ba farashin kasuwa ba: keke kuɗi hannu naira miliyan 3. An ba ka mallaka za ka riƙa kawo dubu 60 duk mako har mako 75. Jimilla miliyan 4 da rabi. Wato ka ɗora rabin kuɗin keken a kai saboda jinkirin biya, gyara kuma naka ne.

Abin da matasa da yawa ba su sani ba, akwai doka a kan wannan tun 1965. Dokar ta ce a rubuta yarjejeniya, a bayyana farashin kuɗi hannu da farashin mallaka. Ta kuma ce idan abin hawa ne, ka biya kashi uku cikin biyar na kuɗin, mai kaya ba zai ƙwace ya cinye haka kawai ba, sai ta hanyar kotu. A misalinmu, kashi uku cikin biyar shi ne miliyan 2 da dubu 700, wato mako 45. To amma wanda ya karɓi keke da baki, ba takarda ba rasit, da me zai nuna ya kai mako 45?

Daga Janairun 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki, TAJBank ya biyo a 2019, an samu wata hanyar. Akwai murabaha: banki ya sayi motar ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, mota taka ce, kuɗi bashi ne a kanka. Akwai ijara: mota ta banki ce, kai ɗan haya ne, a wani nau'in ka mallaka a ƙarshe. Ka ga tsohuwar tambayar falke ce ta dawo da sabuwar riga.

YADDA TA KAYA A ƘASASHEN WAJE

Masu motar lantarki a waje sun ɗanɗana kowane ɓangare.

Haya: a 1996 kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da EV1, ya ƙera dubu ɗaya da ɗoriya, ya ƙi sayarwa sai haya. Wajen 2003 ya janye su, ya murƙushe mafi yawansu, duk da masu hawa sun roƙi a sayar musu. Ɗan haya ba ya da ta cewa.

Saye: kamfanin Fisker ya karye a watan Yunin 2024. Waɗanda suka sayi motarsa kuɗi hannu suka wayi gari darajarta ta zube, manhajar da ke tafiyar da ita kuma ba tabbacin mai kula da ita. Ko Tesla, da ta rage farashin sabbin motocinta har kusan kashi 20 cikin ɗari a Janairun 2023, waɗanda suka saya watan baya su suka kwana ciki.

Hayar batir: kamfanin Better Place ya gina tashoshin musayar batir a Isra'ila da Denmak, ya kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli, ya rushe a Mayun 2013. Tunanin bai mutu ba, shi Spiro ke yi da babura yanzu a Benin da Togo da Ruwanda har da Najeriya: ka ajiye batir da ya ƙare ka ɗauki cikakke ka biya kuɗin caji. Amma baburinka na tafiya ne iya inda tashoshinsu suka kai.

Kama layi: ranar 31 ga Maris, 2016 Tesla ta nuna Model 3, ta ce a ajiye dala 1,000. Cikin mako ɗaya mutum sama da 325,000 suka biya. An fara miƙa motar a Yulin 2017, amma mai dala 35,000 da aka yi alkawari sai a 2019 ta fito. Cybertruck kuma an nuna ta a Nuwamban 2019 a kan dala 39,900, kafin alƙalami dala 100. Sai ƙarshen Nuwamban 2023 aka fara bayarwa, mafi araha aka sa mata dala 60,990. Abin lura, a duka biyun kuɗin ajiyar ana mayar wa wanda ya fasa. Idan babban kamfani ya sa mutane jiran shekara huɗu, ina ga wanda lambar WhatsApp kawai ka sani?

A GIDA NAJERIYA

A ƙarshen 2020 kamfanin Stallion ya nuna Hyundai Kona da aka haɗa a Legas, batirinta na ɗaukar yunit 64. Shugaban hukumar NADDC a lokacin shi ne Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya yi suna a General Motors da zanen Chevrolet Volt. A watan Afrilun 2021 hukumar ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara mayar da ƙananan bas-bas masu fetur zuwa lantarki, gwamnatin Borno kuma ta saka motocin haya masu caji a titi a Disamban 2023.

Wato abin ya iso Arewa. Amma tasha ɗaya a Sakkwato ba ita za ta caja maka mota a Maradun ba. Cajinka a gidanka zai kasance, don haka daga nan lissafi zai fara.

LISSAFIN WUTA

Buɗe kalkuletar wayarka. Ƙaramar mota mai fetur na shan wajen lita 8 a kilomita 100. Idan lita naira 900 ce, ka kashe 7,200. Mai caji na cin wajen yunit 17 a wannan tafiya. Idan yunit naira 210 ne, kusan farashin 'yan layin Band A, ka kashe 3,570. Rabi kenan, idan wutar Kaduna Electric ta zauna.

Idan da ƙaramin janareta mai fetur za ka caja fa? Lita ɗaya da ƙyar take ba da yunit biyu. Yunit 17 zai ci lita 8 da rabi. An gudu ba a tsira ba.

Sola ita ce mafita, rana kuwa Allah Ya hore mana. Faranti mai wat 550 na ba da yunit biyu da ɗan wani abu a yini, bayan cire asara. Yunit 17 kullum na buƙatar faranti wajen takwas, da infata mai ƙarfi. Idan da rana kana kan titi, sai ka ƙara batiran gida don cajin dare. Duk wannan kuɗin cikin farashin motar yake, ko mai talla bai faɗa ba. Ka kuma sani, da soket ɗin gida cika batir mai yunit 64 na cin sama da awa ashirin. Shi ya sa ga yawancinmu babur ko keke mai caji ya fi mota kusa da hankali: batirinsa ƙarami ne, faranti kaɗan sun ishe shi.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu nan yankin ma'auni na wuce digiri 40, zafi kuwa yana tsofar da batir. A 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona sun koka kan haka, saboda batirinta ba ya da na'urar sanyaya ta ruwa. Ka tambayi irin batirin, wanda ake kira LFP ya fi jure zafi.

Sai netwok. Irin yadda ake kulle wayar bashi idan ba a biya ba, haka ake saka wa baburan mallaka na'urar bibiya da ta kashewa daga nesa. Ba mu manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, wasu yankuna suka yi sama da wata biyu ba sabis. Ka tambaya tun yanzu: idan ba netwok, ta yaya zan biya, kuma injin zai tashi?

TO, SAYE KO HAYA?

Saye ya dace da kai idan kana da kuɗin ba tare da ka sayar da gona ko shanun noma ba, kana da wutarka, akwai mai gyara da za ka iya kaiwa gare shi a Gusau, Sakkwato ko Kano, kuma da niyyar ka daɗe da abin. Batir shi ne mafi tsada a jikin motar, manyan kamfanoni kan ba shi garantin shekara 8 ko kilomita 160,000. Mota ta hannu da aka shigo da ita, sau da yawa garantin bai biyo ta ba.

Haya, ko hayar batir kaɗai, ta dace da kai idan gwaji kake so, ko kana tsoron batir ya mutu a hannunka. Za ka biya fiye idan aka tara, amma asarar tsufan batir na kan mai shi. Sharaɗi, kamfanin ya kasance yana da ofis da tasha kusa da kai.

Mallaka kuwa ta haɗa tsadar haya da nauyin saye, sai an buɗe ido sosai.

KAFIN KA DANNA TURA KUƊI

1. Shiga shafin binciken kamfanoni na hukumar CAC a wayarka, ka rubuta sunan kamfanin. Ka tuna rajista ba shaidar amana ba ce, amma rashinta babbar alama ce.

2. Sunan da ya fito a asusun banki ya zama na kamfanin. Idan sunan mutum ya fito, dakata.

3. Ɗauki hoton motar da ke tallan ka saka a Google Lens. Idan ka gan shi a shafukan Caina ko Indiya, ba a shagonsu aka ɗauka ba.

4. A rubuta maka abu huɗu: farashin ƙarshe da naira, ranar bayarwa, ko ana mayar da kuɗi idan ka fasa, da kwana nawa mayarwar ke ɗauka.

5. Kafin alƙalami ya zama kuɗin da ko ya maƙale wata shida gidanka ba zai kwana da yunwa ba.

6. Idan aka ce ka kawo mutum uku a rage maka, ko kuɗin ajiyarka zai riƙa haihuwa, wannan ba cinikin mota ba ne. MMM ta tsaya a Disamban 2016, CBEX ta rufe a Afrilun 2025, har yau akwai masu kuka.

7. Tambayi bakin cajar. Na Caina daban, na Turai daban, na Japan daban.

8. Raba kuɗinka gida huɗu: abin hawa, wutar caji, takardu da inshora, sai ajiyar gyara. Idan adashi kake yi, ka lissafa duka huɗun kafin ka ce kwasarka ta isa.

9. Duk biyan da ka yi, ka ɗauki hoton rasit ka ajiye a Google Drive ko imel ɗinka. Waya na ɓata, takarda na jiƙewa.

Motar caji na tafe, kuma garin da ke da rana irin tamu bai kamata a bar shi a baya ba. Sai dai mutanen Bakolori sun riga sun biya kuɗin wannan karatu da tsada: ka ga wuta, ka ga mai gyara, ka ga takarda, sannan ka miƙa naka. Idan ɗaya ya ɓace, ka riƙe kuɗinka, layin ba zai ƙare ba.

Ka tura wa ɗan'uwanka mai shirin karɓar babur ko keke. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.